Yarinyar Jikin Kwalba

Profira ba ta iya zana abu daga ka ba. Kowa a garinmu ya san wannan, kamar yadda aka san agogon tashar jirgi yana latti. Shekara talatin da takwas ta yi a wani ɗan ɗaki a saman masana'antar giya, tana zana takardun da ake mannawa a jikin kwalabe, kuma ba ta taɓa ɗora fensir a kan takarda ba sai abin da za ta zana yana gabanta, da jikinsa da inuwarsa. In inabi ake so, sai a tsinko inabi. Shekarar da aka ce ta sa zakara a kwalbar Kirsimeti, kwana uku zakaran ya yi ɗaure a ƙafar teburinta, yana cara duk sanda manaja ya buɗe baki zai yi magana. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ba da labarin. Ita ba ta ga abin dariya a ciki ba. Takan ce hannunta ba shi da tunani, ido yake bi.

Tana da shekara goma sha tara ta sauka a garin, daga makarantar koyon sana'a ta birnin Yash, da akwati ɗaya da gwangwanin burushi. Ta auri Nistor, wanda aikinsa shi ne ya bi jiragen ƙasa yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu da doguwar guduma, yana sauraron wadda ta tsage. Mutum ne mai shiru, a hankali ya rayu, a hankali ya mutu. 'Ya ɗaya suka haifa, Doina.

A shekarar 1986, lokacin masana'antar tana hannun gwamnati, aka aiko daga sama cewa a sabunta takardar vishinata, giyar da garin ke taƙama da ita, wadda ake yi da ceri, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu ƙwallo. Abu mai fara'a ake so. Profira ta leƙa taga, ta hango 'yarta a filin masana'anta tana bin kyanwa, ta kira ta sama. Doina tana da shekara shida. Aka zaunar da ita a kan akwatin katako, aka ɗaura mata jan ɗankwali, aka ɗora mata kwandon ceri a cinya. Yarinya ta ƙi zama. Ta juya nan, ta juya can, ta ce ƙafarta na ƙaiƙayi, ta ce kyanwar za ta tafi. Profira ta ɓata takarda huɗu.

A kan tagar ɗakin akwai tulun gilas na bara, irin wanda ke tagar kowane gida: ceri mai tsami da sukari da barasa, an bar su sun jiƙu wata da watanni. Ruwan ya ƙare, saura 'ya'yan da suka kwanta a ƙasa, baƙaƙe, a kumbure. Waɗannan kuwa a wurinmu rabon yara ne. Kaka takan ba jikanta biyu ko uku a cokali in an dawo daga coci, kuma da za ka ce mata ta ba yaro giya, da ta nuna maka ƙofa. Giya a kofi ake zuba ta, ceri kuwa ci ake yi. Profira ta ci a hannun kakarta, Nistor ya ci, limamin coci ma ya ci tun kafin ya yi gemu. Sai ta ɗebo a ɗan faranti, ta ce wa yarinyar in ta zauna shiru za ta riƙa samun ɗaya bayan ɗaya.

Doina ta zauna shiru. Kumatunta suka yi ja, fatar idonta ta ɗan sauko, bakinta ya ɗan buɗe kamar mai jin waƙa daga can ƙetaren kogi. Kafin a tashi aiki Profira ta gama zanen. Ta saɓa 'yar a kafaɗa har gida, tana barci.

Wannan fuskar ce ta zagaya ƙasa. Mutane suka ce ba su taɓa ganin idanun yaro masu mafarki irin waɗannan ba. Mata suna jiƙa kwalba su ɓare takardar su soka ta a gefen madubi. A kanti ba a ma kiran sunan giyar, sai dai a ce a ba ni mai jan ɗankwali. Gwamnati ta faɗi, masana'antar ta sauya hannu sau biyu, kwalbar ta yi tsawo ta sake yin gajarta, yarinyar tana nan a kan akwatinta, ba ta ƙara ko kwana ɗaya ba.

Doina kuwa ta girma. A makaranta 'Yar Kwalba ake ce mata. Tana da shekara goma sha uku, a wani biki, wani kawunta ya miƙa mata ƙaramin kofi, ya ce ai nata ne, ga hotonta nan a jiki. Kowa ya yi dariya, Profira ma ta yi. Da ta gama makaranta ta shiga masana'antar, a layin manna takardu, tana wuni tana shafa wa fuskarta gam. Ta auri wani direban babbar mota, ya tafi Sifen da kaya, ya yi ta kira a waya har ya daina. Ta tafi Italiya, ta yi shekara goma sha ɗaya a Padova tana wa tsofaffin mutane wanka tana juya su a gado. Shekara shida ke nan da ta dawo, da akwati biyu da wani hali da ba wanda ya kira sunansa a gaban uwarta. Ta kama ɗaki a hawa na huɗu na benen da ke bayan tasha.

Duk ranar Alhamis da la'asar Profira takan hau benen da tukunyar miya mai tsami a cikin jaka. Ta ɗora tukunyar a murhu, ta wanke kwanukan da ta tarar, ta goge tebur, ta tattara kwalaben da ke bayan ƙofa ta sauka da su. Suna magana a kan sanyi, da gwiwar Profira, da wanda ya mutu a wannan makon. Ta san silifas ɗin 'yarta sarai, ta san inda zaren rigarta ya warware, ta san tabon danshi a bangon da ke bayan kanta. Fuskar ce ba ta kallo. Ba ta yanke shawarar haka ba. Idonta ne dai ya koyi zagaye wurin, kamar yadda ƙafa ke koyon tsallake matakalar da ta karye.

A watan Maris Horia ya zo gidan Profira da kwalin cakulan da wata wasiƙa. Shi ne mai masana'antar yanzu, ɗan tsohon mai gadin sito, ta san shi tun yana yawo da gajeren wando. Ya zauna a kicin bai cire hula ba, ya karanta mata. Masu giya sun kafa wa kansu kwamiti da ƙa'idoji, kuma wata malamar makaranta a wani gari ta kai ƙara, don wata ɗalibarta ta nuna kwalbar a kanti ta ce a saya mata lemon yarinyar nan. Kwamitin ya duba ya ce malamar ta yi gaskiya. Ba a sa yaro a jikin kwalbar giya, ba a sa dabba mai dariya irin ta littafin yara, ba a yin kwalba mai kama da ta lemo ko kwalin alewa. Duk mutumin da zai fito a takarda sai ya kai shekara ashirin da biyar, kuma a gan shi a san ya kai. An ba su wata uku, in ba haka ba manyan kantuna za su sauke kayan daga kanta.

Horia ya yi ta faɗa. Ya ce shekara arba'in kwalbar nan tana kasuwa, a nuna masa yaro ɗaya da ta cutar. Profira tana tuƙa tuwon masara, ba ta juyo ba. Ta laluba ranta ko za ta ji wani abu, ba ta sami komai ba, kamar mai laluben aljihun tsohuwar riga.

"Ba cire ta za mu yi ba, Tanti," in ji shi, don haka yake kiranta, wato inna. "Girmar da ita za ki yi. Ɗankwalin nan dai, kwandon nan dai, ki ƙara mata shekara ashirin. In sun ga dama su zo daga Bukarest, babban birni, su ƙirga haƙoranta."

Ta tuna masa cewa ta bar aiki shekara goma sha shida, kuma ba ta zane daga ka. Ya ce ya sani, wa ya manta da zakara? Akwai wata mai amsa waya a ofis, shekararta ashirin da bakwai, kyakkyawa, gobe ma zai turo ta ta zauna mata.

"Yarinyar jikin kwalbar tana da suna," in ji Profira.

Horia ya dubi kwalin cakulan. Ya san inda Doina take, kamar yadda kowa ya sani. Ya ce to, yadda ta ga ya fi, ya tashi.

Tagar Doina da safe take samun haske mai kyau, saboda haka ranar Alhamis Profira ta hau benen da ƙarfe tara, da tukunya a hannu ɗaya, da allon zane a hammata, da jan ɗankwalin da ta saya a kasuwa. Doina ta buɗe ƙofa ta tambaya wa ya mutu. Profira ta ba ta labarin wasiƙar tana kallon ƙugiyar rataye riguna. Doina ta yi dariya har ta koma tari.

"Wato sun gano ban kai shan giya ba. Bayan shekara arba'in. Mutanen Bukarest akwai sauri." Ta jawo kujera zuwa taga tana jan silifas. "Me za ki ba ni in na zauna? Wancan karon da ceri kika biya."

Profira ta ɗauka Doina ta manta. Yaron shekara shida me yake riƙewa? Amma Doina ta riƙe komai. Ta ce farantin mai shuɗin baki ne, kuma ta jera ƙwallayen a gefen akwatin, guda tara, kuma da aka ɗauke ta fitilun titi suna ta lilo. Ba da zafi ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin wata 'yar maƙwabta. Profira ta buɗe baki.

"Kar ki fara, Mama. Duk 'yan ajinmu sun ci. Biyu likitoci ne yanzu, ɗaya ma matar limamin coci ce."

Profira ta rufe bakinta. Da zagi aka yi mata, da ta san inda za ta ajiye shi. Ta miƙa ɗankwalin, Doina ta ɗaura, ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya inda kwando zai zauna, don ba lokacin ceri ba ne.

Hannuwan ba su zauna ba. Rawa suke yi, 'yar ƙarama mai naci, ta hau dantse ta kai kafaɗa, har haɓa tana ɗan kaɗawa kamar mai cewa a'a ga tambayar da ba a yi ba. Gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin ɗankwalin. Profira ta ja layin kafaɗa, kafaɗar ta bar wurin. Ta sake ja. Bayan minti goma Doina ta ce mata a fili, ba kunya ba roƙo, cewa ba ta sha komai ba tun jiya, don ta ji motsin hawowar uwar tun kafin ita ta kai kicin. Kwalbar tana bayan kwandon burodi. Rabin kofi ya isa, nan da minti ashirin za ta zauna kamar gunkin dandalin gari, har tantabara ta sauka a kanta.

"Ke kika fi kusa. Miƙo."

Profira ta tashi ta shiga kicin. Ba vishinata ba ce. Doina ta daɗe da barin ta, ta ce zaƙinta ya yi yawa. Farar barasa ce mai arha, takardar jikinta ba hoton kowa. Ga kofi a kife kusa da ita, a wanke. Profira ta tsaya da hannunta a wuyan kwalbar. Ta san yadda aikin zai tafi in ta zuba: kumatun za su yi ja, fatar idon za ta sauko, ta gama kafin azahar, ta ɗan rage nan ta ɗan ƙara can, Horia ya sami abin da yake so. A ƙasa wani jirgin kaya yana wucewa, ta tsaya har tarago na ƙarshe ya shige. Sannan ta dawo ba kofi a hannunta, ta zauna, ta ɗauki allon.

"Ki yi ta rawar," in ji ta. "Zan bi ki."

"Za ki ɓata takarda."

"Goma na zo da su."

Abin da ke motsi ba a zana shi da satar kallo. Sai an zuba masa ido an jira ya dawo inda ya bari. Haka Profira ta kalli 'yarta. Ta ga fuskar ta yi faɗi ta yi nauyi, ƙasan idanu ya cika kamar an ɗura ruwa. Ta ga jajayen jijiyoyi sirara a gefen hanci, kamar taswirar ƙananan rafuka. Ta ga furfura a inda ɗankwalin bai rufe ba, ta ga leɓen ƙasa ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Kunnuwan na Nistor ne, ta manta da haka. A girar hagu akwai tabo, fari, mai tsawon gaɓar yatsa, inda gashi bai sake fitowa ba.

Ta tambaya yaushe ta sami wannan. Doina ta ce a Padova ne, a matakalar gidan wata tsohuwa, ɗinki biyar, an fi shekara goma. Ta ce da shi ta dawo, yana nan duk Alhamis. Profira ta sa tabon a takarda. Fensir dai yana tafiya yana 'yar ƙara irin ta ɓera a bayan bango.

Doina ta jure minti arba'in. Daga nan ta miƙe, ta shiga kicin, ta juya baya. Aka ji bakin kofi yana ƙwanƙwasar haƙori. Profira ba ta hana ta ba, ba ta kuma ci gaba da zanen ba, don kujerar ba kowa. Da Doina ta dawo jikinta ya fara lafawa, ta ce yanzu sai a yi aiki na gaske. Profira ta ce ya isa na yau, ta fara tattara fensira. Doina ta leƙa allon ta daɗe tana kallo.

"Baba ne da ɗankwali," in ji ta.

Safiya uku suka ƙara yi a haka, ran Asabar da ran Talata da wata Alhamis ɗin. Ranar da ta fi daɗewa Doina ta kai awa guda, wata rana kuma ko minti ashirin ba ta kai ba. Profira ta sa fenti, ta ari kwando wurin maƙwabciya, ta sayi cerin gwangwani ta zuba a ciki, ta rubuta sunan giyar a ƙasa da irin haruffan da, masu lanƙwasa. Ta naɗe zanen a jarida ta kai masana'anta.

Horia ya share tebur da hannun riga kafin ta shimfiɗa. Ya sunkuya a kai, ya ɗago, ya je taga, ya dawo. Shi da Doina aji ɗaya ne ya raba su a makaranta. Ya ce aikin ya yi kyau, ba a taɓa kawo masa mai kyansa ba. Sannan ya tambaya a hankali ko za a iya ɗan gyara ƙasan idon, a ɗan sa murmushi, a rufe girar da ɗankwali.

"Ka ce ashirin da biyar zuwa sama," in ji Profira. "Ta wuce."

"Tanti, wanda ya ga wannan a kanta ajiye kwalbar zai yi."

Ta ce ita dai wannan ce yarinyar da ta girma, ba ta da wata. Horia bai ja da ita ba. Ya taimaka mata ta naɗe zanen, ya raka ta har bakin ƙofa, ya ce direba ya kai ta gida, ta ce ƙafarta ƙalau.

Wani kamfanin zane a Bukarest ne ya yi sabuwar takardar a na'ura: ceri uku da ganye ɗaya a kan farin fili. Kwamitin ya amince. Tsofaffin takardun da suka rage a sito aka loda su a mota aka kai inda ake niƙa takarda. Wata biyu mutane suka yi suna ƙorafi a kanti, wasu suna rantsuwa ɗanɗanon ma ya sauya, daga nan suka saba. Profira ta ga sabuwar kwalbar a kan hanyarta ta sayen burodi. Ta lura ganyen ba na ceri ba ne, wanda ya zana shi bai taɓa riƙe reshen a hannu ba. Ta sayi burodinta.

Ta gaya wa Doina a waya cewa ba a karɓi zanen ba, aikin ya ƙare. Doina ta ce dama ta sani, wa zai sayi giyar da ke nuna masa gobensa? Suka yi maganar gwiwa, suka ajiye.

Ranar Alhamis Profira ta tsinci kanta a kan matakalar benen da ƙarfe tara maimakon la'asar. Sai a hawa na biyu ta lura da allon a hammatarta. Ƙofar a buɗe take. Kujerar tana bakin taga, Doina tana kai, ba ɗankwali, gashinta a jiƙe ta taje shi baya. Ta ce kada uwar ta ɗauka wani abu ne, ruwan zafi na famfo ne ya zo yau da wuri.

Profira ta ɗora tukunyar a murhu, ta bar kwanukan yadda ta same su. Ta zauna, ta dubi 'yarta, ta gane ta sha, amma kaɗan. Ta fiƙe fensir a tafin hannunta, ta zuba ɓawon a aljihu.

"Ɗaga haɓarki," in ji ta. "Ba haka ba. Kalle ni."